Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan hoton MRI na zuciya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an yi masa eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, likita ya sake tura shi MRI, wanda Larabawa ke kira ranin magnatisi, kina tsoron ko da haɗari, ko ma ɓarnar kuɗi ce. Ni na kai Hajiyarmu nan Jidda bayan ciwon zuciya ya kwantar da ita, kuma ina ba ki shawara ku je.

Eko yana nuna yadda zuciya ke bugawa, shi kuwa MRI naman zuciyar kansa yake nunawa. Ana zuba wani ruwa ta jijiya, gadolinium sunansa, bayan kamar minti 10 sai inda naman ya mutu ya fito fari tas. Likita ya juyo mini kwamfutar, ya ɗora bakin biro a kan tabon Hajiya: siriri ne, bai kai rabin kaurin bangon zuciyar ba. A kan haka ya ce buɗe jijiyar da ta toshe zai yi amfani, don naman da sauran rai. Rannan ne na fara barci mai daɗi.

Batun haɗari kuwa, MRI da maganaɗisu yake aiki, babu irin hasken radiyeshon da ke cikin hoton CT. Amma in Baba yana da batirin zuciya ko wani ƙarfe a jiki, ku faɗa tun wurin yanke kati. Za su kuma duba ƙodarsa kafin ruwan.

Abu biyu suka wahalar da mu. Gwajin Hajiya har da maganin da ke buɗe jijiyoyi, adenosine, wanda ba ya shiri da gahawa ko shayi. Ba wanda ya jaddada mana, ta sha shayinta da asuba, aka maido mu gida. Ku tambaya, yawanci awa 24 ake hanawa.

Na biyu harshe. Mutum zai kwanta kusan awa guda cikin bututu mai ƙara, ana ta ce masa ya riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15, da Larabci. Hajiya Hausa kawai take ji sosai. Na roƙe su suka bar ni na yi magana ta makirufo: "Hajiya, ja numfashi, riƙe, to saki." In Baba haka yake, ku yi ta gwadawa a gida yana kwance rigingine, kuma ki nemi wannan alfarmar tun kafin ranar.