Ƙanena, hitar gas ɗin nan da kace zaka saya

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Toh Alhamdulillah tunda biza ta fito, Allah ya sa wa karatun albarka. Kace a Janairu zaka sauka Toronto ta Kanada, ka samu ɗaki a besmen, wato ɗakin ƙarƙashin gida, can unguwar Scarborough, kuma wani ya faɗa maka kuɗin ɗumama ɗaki ke cinye aljihun ɗalibi, shi yasa kake so ka sayi 'yar hita mai silindar gas ka ajiye kusa da katifa. Dan Allah cire wannan daga lissafinka, wanda ya baka shawarar nan ko bai taɓa yin hunturu a nan ba ko kuma sa'a ce kawai yake ci.

Ɗumama ɗakin ma ba aikinka bane. A Ontario, lardin da Toronto take, doka ta ɗora wa mai gida ya ba ɗan haya ɗumi daga 1 ga Satumba har 15 ga Yuni, kar ya gaza digiri 20, birnin Toronto ma 21 ya sa. Yawancin ɗakunan besmen mai gida ne ke riƙe da madannin ɗumin daga sama, so ka tambaye shi tun kana Kano, kuɗin hayar ya haɗa da ɗumi da wuta? ya rubuta maka a takardar haya. In ya bar ka cikin sanyi akwai lamba 311 ta birni, ka kira su.

Gas ɗin da ake sa wa irin wannan hita sunansa furofen, ɗan uwan wanda muke girki dashi a gida ne a silinda mai kilo 12.5, sai dai shi yana jure sanyi, sai an kai wajen digiri 42 ƙasa da sifili yake daina tashi ya zama iska, shi yasa zaka ga silindarsa a bayan gida cikin dusar ƙanƙara ba abinda ya same ta. Kuma can ne wurinta, waje, a tsaye. Wannan babbar ta gasa nama mai kilo 9 ba'a shiga da ita cikin gida sam. Dalili kuwa furofen ya fi iska nauyi kusan ninki ɗaya da rabi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya yabi tayil ya gangara matakala ya taru a inda yafi zurfi, toh ina ne yafi zurfi a gidan? ɗakinka. Kai kuma katifarka a ƙasa take kamar yadda dukkanmu muka fara. Kashi biyu da ɗan ɗoriya cikin ɗari na iskar ɗakin in ya zama gas ya isa, tartsatsin makunnin fitila kaɗai zai tada shi.

Shi wannan da sauƙi tunda yana da wari. Asalinsa ba shi da wari, kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, abinda aka tsananta bayan wata makaranta ta fashe a New London ta jihar Texas a 1937, kusan mutum 300 suka mutu yawanci yara, saboda gas ya taru a ƙarƙashin ginin ba wanda ya shaƙi komai. Amma kar ka dogara da hanci ɗari bisa ɗari, mura zata kama ka a watanka na farko, wannan ba sai na rantse ba, kuma mai barci baya jin wari. In kana zargin yoyo a tiyo ko rigileta, kaɗa sabulun wanke-wanke da ruwa a kofi, ka shafa da soso a duk mahaɗa, ka buɗe silinda hitar tana kashe, ka tsuguna ka zuba ido. In kaga kumfa na kumbura tana ƙara girma tana fashewa a wuri guda, nan ne. Ba ashana ba, naga masu gwadawa da ashana a gida, Allah ya kyauta. In kuma shigowa kayi ka tarar wari ya cika ɗaki, kar ka kunna fitila, kar ka kashe wadda ke kunne, kar ka tsaya latsa waya, fita ka fitar da mutane sai ka kira lambar gaggawa 911 daga waje.

Wanda yafi bani tsoro shi ne ɗayan, kabon monoksaid, gubar da wuta ke fitarwa in bata samun isasshiyar iska. Ba wari ba launi ba komai. Kasan labarin da muke ji duk hunturu, an shiga ɗaki da kaskon gawayi an rufe ƙofa, ko an kwana da janareto a koridor, gari ya waye an rasa gida guda? ita ce dai. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sama da sau 200, sai mutum ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jiki ya mutu, kai da ka saba zaka ce maleriya ce ta biyo ka daga gida ka sha farasitamol ka ƙara jan bargo. Alamar da zaka riƙe, babu zazzaɓi, in ka fita waje sai kaji sauƙi, in ka dawo ya dawo, kuma abokin zamanka shima yana kukan kai. Gidajen nan kuma an toshe su ruf saboda sanyi, taga gilashi biyu, ƙofa da roba a gefe, ba irin namu da iska ke shiga ta ko'ina ba. A Disambar 2024 mutum 12 aka tarar sun mutu a ɗakin kwanansu a saman wani gidan abinci a Gudauri ƙasar Jojiya, 11 'yan Indiya ne da suka je neman kuɗi, wuta aka ɗauke aka kunna janareto a ciki.

Saboda haka ranar da ka shiga ɗakin, kafin ka kwance akwati, nemi ƙararrawar kabon monoksaid kusa da inda zaka kwana. Doka ce a Ontario tun 2014 ga duk gidan dake ƙona gas ko mai ko yake da gareji a manne, an yi ta ne bayan wata 'yar sanda da mijinta da 'ya'yansu biyu sun rasu a Woodstock a 2008, bututun hayaƙin murhun ɗumama ɗakinsu ne ya toshe. Mai gida ne zai saka, kuma kai tafi shafa, domin tukunyar ɗumama gidan gaba ɗaya galibi a besmen take, bango ɗaya tsakaninku. Danna maɓallin gwaji kaji ta yi ƙara, juya bayanta ka duba shekararta don suna mutuwa bayan shekara bakwai zuwa goma. Na taɓa raka wani yaro duba ɗaki muka tarar da ita a manne fes, na buɗe, ba batir, wai tana damun mai gida da ƙara. Bamu karɓi ɗakin ba. Kuma ka sani ita bata jin yoyon furofen, na'urar wannan daban ce, ƙasa-ƙasa ake sa ta.

Akwai hitocin furofen da aka yi don cikin gida, masu 'yar silinda ƙarama, suna kashe kansu in iska ta ragu ko in sun faɗi, mutane na ajiye su saboda ranar da guguwar ƙanƙara ta katse wuta. Ko su sai an ɗan buɗe taga, a bar mita guda tsakaninsu da labule da bargo, harshen wutar ya zama shuɗi, in ya koma rawaya ko yana baƙin hayaƙi a kashe, kuma ba'a barci a bar su. Masu siffar lema da ake gani a ƙofar gidajen abinci da na wurin gini kuwa na waje ne zalla. Murhun girki ma kar ka buɗe shi don jin ɗumi.

In ɗakin bai maka ba, sayi hitar lantarki mai mai a ciki, wat 1500, ka duba tambarin CSA, masu tabbatar da ingancin kaya a Kanada, a jikinta, ka soka ta kai tsaye a bango banda ekstenshan. Bargo da jaket bari sai ka zo mu saya a nan, na kasuwar Kwari ba zasu ɗauki Janairun nan ba. Turo min hoton takardar hayar kafin ka biya ko sisi, ka gaida su Hajiya, kuma kar ka manta da yajin nan.