Daga ina bikin Ranar Muhalli da ake yi a Kaduna ya samo asali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Kaduna. Duk shekara idan Yuni ya kama ana gayyatar makarantarmu bikin Ranar Muhalli, yara su yi maci, a dasa itatuwa, manya su yi jawabi. Bana wata ɗalibata ta tambaye ni wa ya fara wannan biki kuma yaushe, na rasa abin da zan ce mata. Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta yi tambayar da ta dace.

Ranar kanta, wato 5 ga Yuni, daga Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito. A wannan rana ce a 1972 aka buɗe babban taron farko na ƙasashen duniya kan muhalli a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. A ƙarshen shekarar majalisar ta ware ranar, ta kuma kafa hukumar muhalli ta UNEP mai hedikwata a Nairobi, aka fara bikin a 1973. Kowace shekara akwai take da ƙasa mai masaukin baƙi. A 2023 Kwaddibuwa ce ta karɓa, taken kuwa yaƙi da sharar leda da roba.

Amma idan kika tsaya a nan, yarinyar za ta ɗauka kula da muhalli baƙon abu ne da aka kawo mana a 1973. Duk abin da ake yi a filin bikin, Kaduna ta san shi tun kafin a ba shi rana.

Ki fara da shara. Tambayi duk wata tsohuwa a unguwarku labarin duba-gari. Tun zamanin Turawa da En'e, ma'aikacin nan mai kaki yakan shiga gida har tsakar gida, ya buɗe randa ya leƙa ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba masai da kwata da wurin wanke-wanke. Idan ya ga ƙazanta, maigida ya amsa sammaci. Da an ce ga duba-gari nan, tsintsiya ta fito a kowane gida. Wannan tsari ya yi sanyi, sai gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, a 1985 kuma ta shigo da tsaftar muhalli cikinsa. Daga nan ne sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta kafu, a hana zirga-zirga da safe har sai kowa ya share ƙofar gidansa ya yashe lambatu.

Dashen itatuwa kuwa fari ne ya tilasta shi. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da amfanin gona a ƙarshen Arewa, mutane suka ga kwararowar hamada da idonsu, gwamnati ta ɗauki gangamin dashe na shekara-shekara da muhimmanci. Kaduna ba ta cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, amma buhunan gawayi da lodin itacen girki da ke shigowa garin nan kullum daga dazuzzukanmu ake saro su. Ga kuma gandun dajin Afaka da kwalejin koyon aikin gandun daji ta tarayya a wajen Mando, shaida ce cewa rainon itace tsohon aiki ne a nan.

Abin da ya sa gwamnati ta kafa hukumomin da yau suke shirya irin wannan biki ya faru ne nesa da mu. A 1988 aka gano dubban ganguna na shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a ƙarshen shekarar. Jihohi suka bi sahu a shekarun 1990, namu kason shi ne hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, KEPA. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Da aka samu ofisoshin da wannan ne aikinsu, sai ranar ta shiga kalandar gwamnati, makarantu da ƙungiyoyin sa-kai da malaman addini suka shigo.

Kaduna kuma tana da nata dalilin na kusa, wato kogin da ya ratsa ta. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, ruwan rini ya riƙa bin magudanan Kakuri da Makera yana faɗawa kogi, ga masu lambu suna ban ruwa da shi a ƙasa. Masaƙun yawanci sun rufe, leda ta gaje su. Ki leƙa kowace babbar kwata a ƙarshen rani, za ki tarar da ledar fiya-wata da robar lemo sun danƙare har ruwa ba ya samun hanya. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumban 2003 da ta 2012 a unguwannin bakin kogi sun san abin da toshewar magudana da gini a kan hanyar ruwa ke jawowa.

Shi ya sa nake ganin 5 ga Yuni ta yi mana daidai, ko da ba don mu aka zaɓe ta ba. Damina ta sauka, ƙasa ta jiƙa, dashe zai kama, manyan ruwan Agusta da Satumba kuma ba su iso ba, akwai sauran lokacin yashe magudanai.

Inda bikin yake damuna shi ne abin da ke biyo bayan ranar. Ana faɗin adadin itatuwan da aka dasa, ba kasafai ake komawa a ƙirga waɗanda suka rayu ba. Dashen da ba a kewaye shi ba, akuya za ta cinye shi cikin mako guda, wanda ya tsira kuma sai zafin Maris da Afrilu ya ƙone shi idan babu mai ba shi ruwa. Tunda kina da ɗalibai, Malama, ki ba kowane aji itacensa, dalbejiya ko mangwaro ko maɗaci. A kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, a raba wa yara kwanakin ban ruwa daga Nuwamba har saukar damina, a kuma shirya wanda zai kula da shi lokacin hutu. Idan Yunin baɗi ya zo, ku je bikin da lissafin waɗanda suka kai shekara.