Tambayoyinku: Taransfomar Bakin Layi

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum in na fito sallar asuba sai na wuce ta gaban taransfomar unguwarmu, in ji tana wani gurnani ba ƙaƙƙautawa. An zuba tsakuwa a gindinta, ga kuma wata 'yar kwalba a jikinta cike da ƙwayoyi kamar duwatsun ado. Shin wannan ƙarar alamar lalacewa ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gurnanin nan alamar lafiya ce. A cikin tankin akwai siraran fallayen ƙarfe da aka jera, aka naɗe su da waya. Wutar ƙasar nan tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ke sa ƙarfen yana ɗan miƙewa yana tsukewa sau 100 a daƙiƙa, kunnenka kuma ya ji gurnani. Abin tsoro shi ne ƙara mai kamar suya, ko tartsatsi, ko ƙauri, ko ka ga mai yana ɗiga ƙasa.

Wayoyi ukun nan na sama suna kawo ƙarfin wuta na bolt 11,000, a wasu wuraren 33,000. Taransfoma ke sauko da shi zuwa kimanin 240 da ke shiga gida. Aikin yana haifar da zafi, don haka ake cika tankin da mai: yana sanyaya wayoyin, yana kuma hana wuta tsallakawa tsakaninsu. Fikafikan ƙarfen da ke gefe su ke miƙa zafin ga iska.

Kwalbar nan hancin taransfoma ce. In mai ya yi zafi sai ya kumbura ya turo iska waje, in ya huce ya ja iska ciki, ƙwayoyin kuma su tsotse laimar iskar kafin ta isa ga man. Yawancinsu shuɗaye ne suna sababbi. Da ka ga sun koma ruwan hoda, sun ƙoshi da ruwa, sai a sanar da ma'aikatan wuta su canza, musamman da damina. Ruwa kaɗan a cikin man nan yana iya kashe taransfoma.

Tsakuwa kuwa tana hana ciyawa fitowa, tana shanye man da ya zuba, kuma busasshiyarta ba ta saurin ɗaukar wuta zuwa ƙafar mutum. Amma babban mai tsaro shi ne wayar jan ƙarfen da ta sauka ta shige ƙasa. In ɓarayi suka yanke ta, jikin tankin kansa yana iya ɗaukar wuta. A hana yara wasa a wurin.

Tambaya: Sau da yawa maƙwabcinmu yana da wuta mu ba mu da ita, alhali falwaya ɗaya muke sha. Kwanan baya kuma ƙwan fitilarmu ya yi wani irin haske, firij ya ƙone. Mene ne dalili? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, ki ɗaga kai ki ƙirga wayoyin falwayar, za ki ga huɗu. Uku layukan wuta ne, ta huɗun ita ce nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Yawancin gidaje layi ɗaya suke kamawa da nutural. Kowane layi yana da fiyus ɗinsa a akwatin ƙarfen da ke kusa da taransfoma, saboda haka naku na iya ƙonewa na maƙwabci yana nan daram.

Daga nan ɓarnar ke farawa. Layi ya ɗauke, kowa ya kira mai tsani ya mayar da gidansa kan layin da ke da wuta, kaya ya taru wuri ɗaya. Taransfoma mai girman 300kVA ba ta wuce kimanin amfa 417 (ma'aunin yawan wutar da ake ja) a kowane layi. In aka zarce, fiyus ya tsinke, kuma don haka aka yi shi. Sai wani ya gaji ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa. Ita ba za ta tsinke ba, naɗin cikin taransfoma ne zai ƙone, unguwa ta shiga duhu na watanni. Ba mu san ɗabi'ar da ta fi wannan kashe taransfoma a unguwanninmu ba. Raba gidaje daidai a kan layuka ukun aikin kamfanin raba wuta ne, shi ya kamata a matsa wa.

Batun firij, alamun da kika faɗa na tsinkewar nutural ne, ko sakin maɗaurinta. In ta yanke, wutar layin da ba shi da kaya da yawa sai ta haura, tana iya kusantar bolt 415, ta layin da ya yi nauyi kuma ta faɗi ƙasa. Shi ya sa wani gida ƙwai ke ƙyalli kamar zai fashe, na kusa da shi yana ja-ja kamar garwashi. Da kin ga haka, kashe babban makunnin gida nan take, ki zare firij da talabijin daga soket, ki gaya wa maƙwabta su yi haka. Kada a kunna komai sai ma'aikaci ya gyara ya auna, na'urarsa ta nuna tsakanin 220 da 240.