Shekara 40 ta kalandar Bature, wata nawa ne a lissafin Hijira?

Ɗan'uwa, ka ce Baba ya shekara 40 yana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, duk ƙarshen Disamba yake fitar da zakka, kana son sanin wata nawa aka gani a tsawon wannan lokaci. Kusan wata 495 ne, wato shekara 41 ta Hijira da kusan wata uku. Shekara 40 kwana 14,610 ce, sai ka raba da 29.53, kwanakin da ake yi daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin. Kada ka raba da 30, zai cinye maka kusan wata takwas. In babu kalkuleta kusa, riƙe wannan: duk shekara 19 ta Bature wata 235 ce.

Abin da nake so ka kula da shi, zakka da shekarar wata take tafiya, ita kuwa kwana 354 ce, ta gaza ta Bature da wajen kwana 11. Ba a jin sa a shekara ɗaya, amma in an kai shekara 33 ya taru ya zama shekara guda cur. Ka ga Baba sau 40 ya fitar, alhali shekara ta zagayo wa dukiyarsa sau 41. Na sha ganin haka wajen 'yan kasuwarmu na zango masu rufe littafi a Disamba. Ku ɗauki littafin shagon ku je wurin malamin unguwarku, don sai an duba ko dukiyar ta kai nisabi a duk shekarun kafin a ce ga abin da ya rage a kansa.