Shin Raba Addini da Gwamnati Dabarar Mulhidai Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun lauya, ina aji uku. Bayan darasin tsarin mulki gardama ta kaure tsakanin abokaina biyu. Ɗaya ya ce zancen raba addini da gwamnati dabara ce ta mulhidai, masu musun samuwar Allah, don su kashe addini sannu a hankali. Ɗayan ya ce mulhidan Turai da Amurka ba ruwansu da imanin kowa, su dai kada a tilasta musu. Na rasa wanda zan bi. Mene ne ainihin ra'ayinsu game da addini, kuma su ne suka kawo wannan tsari?
Ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara basira. Abokanka sun ɗaure tambayoyi biyu da igiya ɗaya, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Ta farko, me mutum yake gani game da imani da Allah? Ta biyu, me yake so gwamnati ta yi da addini? Akwai faston da ke kwana addu'a amma ba ya ƙaunar gwamnati ta tsoma hannu a harkar coci, akwai kuma mulhidin da hankalinsa ke kwance da ƙasarsa tana da cocin gwamnati. Ni Musulmi ne, a wurina ilhadi ɓata ne, amma wannan bai ba ni damar ɗora wa mulhidai tarihin da ba nasu ba ne.

Mu fara da Amurka, tunda can aka fi jin wannan magana. Gyaran farko da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu a 1791 ya hana majalisar tarayya kafa addinin gwamnati, ya kuma hana ta tauye wa mutane yin addininsu. Cikin waɗanda suka fi matsawa a kan haka akwai mabiya ɗarikar Baftis, Kiristoci masu zafin riƙo. A Virginia kafin samun 'yancin kai, cocin Ingila ne na hukuma, kowa na biyan haraji ana ciyar da limamansa, kuma an sha jefa masu wa'azin Baftis a kurkuku don sun yi wa'azi ba izini. Su suka mara wa James Madison da Thomas Jefferson, 'yan siyasar Virginia da daga baya suka shugabanci Amurka, baya har dokar 'yancin addini ta Virginia ta tabbata a 1786. Maganar nan da ake yawan jawowa, ta katanga tsakanin coci da gwamnati, a wasiƙar Jefferson take, ta ranar 1 ga Janairu 1802, amsa ce ga 'yan Baftis na garin Danbury da suka kai masa kukan cewa a jiharsu ta Connecticut wata ɗarika ce 'yar lelen hukuma. Shi kansa Jefferson ya yarda da Mahalicci, ko da yake ya yi watsi da yawancin aƙidun coci.

Kuma an riga shi. Roger Williams, mai wa'azin da aka kora daga Massachusetts ya je ya kafa garin Providence a 1636, ya kwatanta coci da lambu, duniya kuwa jeji, ya ce in aka fasa shingen da ke tsakaninsu jeji zai cinye lambun. Ka lura da abin da yake karewa. Addini yake jiye wa tsoron sarauta. Wannan tsoro ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san yadda malamai na ƙwarai ke gudun ƙofar sarki, mun san yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ba ina cewa Shehu ya nemi raba addini da mulki ba ne, ai daular Musulunci ya kafa daga baya. Abin da nake nuna maka shi ne mai addini ma yana da dalilinsa na ƙin hannun mai mulki a kan mumbari.

To ina mulhidai suke a lokacin? A waje suke, an rufe musu ƙofa. John Locke, wanda ake ɗauka jigo a zancen haƙuri da bambancin addini, ya rubuta a 1689 cewa bai kamata a ƙyale masu musun Allah ba, domin rantsuwa da alkawari ba su da abin riƙewa a wurinsu. A Ingila mutanen Northampton sun zaɓi Charles Bradlaugh, mulhidi na fili, ɗan majalisa a 1880, aka hana shi kujerarsa saboda batun rantsuwa, suka yi ta sake zaɓensa, sai 1886 aka bar shi ya zauna, sannan a 1888 aka yi dokar da ta ba ɗan majalisa damar ɗaukar alkawari ba tare da rantsuwar addini ba. A Amurka sai 1961 Kotun Ƙoli ta ce jihar Maryland ba ta da ikon hana Roy Torcaso ƙaramin muƙami don ya ƙi furta cewa ya yarda da Allah. Har gobe kundin jihohi irin su Arkansas da Tennessee na ɗauke da sharaɗin da ke haramta wa mai musun Allah riƙe muƙami, sai dai ba ya aiki tun wancan hukunci. Wato mulhidai sun tarar da katangar a gine, suka zo suka fake a inuwarta.

Abin da ya sa mutane ke haɗa su da ita shi ne shari'o'in addu'a a makarantun gwamnati. A 1962 Kotun Ƙoli ta haramta addu'ar da hukumar ilimi ta New York ta tsara wa ɗalibai, a 1963 kuma ta haramta tilasta karatun Baibul da safe. Ɗaya daga masu ƙarar ta biyu ita ce Madalyn Murray O'Hair, mulhida mai kaifin baki wadda ta kafa ƙungiyar mulhidan Amurka, kuma sunanta ne ya zauna a bakin mutane. Amma wanda sunansa ke kan ƙarar 1962 Bayahude ne, iyalin Schempp da aka haɗa ƙararsu da tata kuwa masu zuwa coci ne. Rikicin ma ya girmi dukansu: a 1844 an yi tarzoma a Philadelphia har aka ƙona cocin Katolika biyu, tushenta kuwa saɓani kan wace fassarar Baibul za a karanta wa yara a aji. Ko a 2024 da jihar Louisiana ta yi dokar liƙa Dokoki Goma na Baibul a kowane aji, cikin iyayen da suka garzaya kotu har da limaman coci.

Sai ra'ayinsu game da imani kansa. Nan abokinka na biyu ya sauƙaƙa abin fiye da kima. Mulhidai ba su da liman, ba su da littafin da suke komawa gare shi, abu ɗaya ya haɗa su: ba su yarda akwai Allah ba. Kuma ba su kai yawan da ake zato ba. Binciken cibiyar Pew ya nuna kusan uku cikin goma na manyan Amurkawa ba sa jingina kansu ga wani addini, amma masu kiran kansu mulhidai kimanin kashi 4 zuwa 5 ne cikin ɗari, kuma akasarin marasa addinin nan sun yarda da Allah ko wani iko na sama. Cikin mulhidan, da yawa irin waɗanda abokinka ya faɗa ne, suna aikinsu, suna halartar bikin Kirsimeti na danginsu, ba sa neman kowa da gardama. Akwai ma masu ganin ƙimar addini. Masanin falsafa na Jamus Jürgen Habermas, wanda ba mai addini ba ne, ya zauna muhawara da Kadinal Ratzinger a Munich a 2004, kafin Ratzinger ya zama Paparoma, kuma matsayinsa shi ne dole a saurari masu addini a fagen siyasa, domin suna ɗauke da wani gado na ɗabi'a da al'umma ke bukata.

Amma akwai masu zafi, kuma su suka fi amo. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, marubuta mulhidai Sam Harris da Richard Dawkins da Christopher Hitchens sun fito suna cewa addini cuta ne ga ɗan Adam, ba kuskure kawai ba, kuma Musulunci ya sha suka a bakinsu fiye da kima. Harris ya rubuta a 2012 cewa a riƙa ware Musulmi, ko duk mai kama da Musulmi, ana tsananta musu bincike a filayen jirgin sama. Dawkins kuwa a 2024 ya nuna ɓacin ransa da fitilun Ramadan da aka ƙawata titin Landan da su, ya kira kansa Kirista ta fuskar al'ada. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin mutumin da ya yi shekaru yana cewa duk addinai ɗaya ne a rashin hujja, da aka zo kan wa zai mallaki titi sai ya zaɓi ɓangare. Duk da haka, ko waɗannan masu zafin, da alƙalami da muhawara suke yaƙinsu, ba su nemi a rufe masallatai da doka ba.

Waɗanda suka rufe masallatai su ne gwamnatocin kwaminisanci, kuma a nan abokinka na farko yake da hujja mai nauyi. A farkon 1918 gwamnatin Lenin a Rasha ta fitar da doka mai suna raba coci da gwamnati, amma abin da ya biyo baya ƙwace dukiyar coci ne da kashe limamai. A 1925 aka kafa ƙungiyar yaɗa ilhadi da goyon bayan jam'iyya, a 1931 aka tarwatsa babban cocin Moscow da nakiya, a Asiya ta Tsakiya kuma aka rufe dubban masallatai da makarantun addini. Albaniya, ƙasa mai rinjayen Musulmi, ta wuce nan: a 1967 shugabanta Enver Hoxha ya rufe duk masallatai da coci-coci na ƙasar. Sunan raba addini da gwamnati aka ara, amma gwamnatin da ke koyar da ilhadi a makaranta tana hukunta mai sallah ta riga ta zaɓi aƙida, ta kuma ɗora wa jama'a da ƙarfin bindiga. Abin da Roger Williams ya gudu ke nan, sai dai da wata riga.

Faransa tana tsakiya, kuma ita ta fi yi wa Musulmi ciwo a yau. Dokarsu ta 9 ga Disamba 1905 ta fito ne daga doguwar kokawa da cocin Katolika, kuma masu ƙin addini sun taka rawa sosai a cikinta. Amma matanin dokar da ɗan majalisa Aristide Briand ya jagoranta ya fara ne da lamunce 'yancin imani da na ibada, sannan ya ce jamhuriya ba ta amince da wani addini a hukumance ba, ba ta kuma biyan limamansa. Wajibin zama 'yar ba-ruwanmu a kan gwamnati aka ɗora shi. Da aka hana hijabi a makarantun gwamnati a 2004, aka hana niƙabi a 2010, aka hana abaya a makarantu a 2023, sai nauyin ya sauka daga kan hukuma ya koma kan yarinya 'yar makaranta. A ganina wannan karkacewa ce daga ruhin 1905. Kuma ba aikin mulhidai kaɗai ba ne, dokar 2004 ta samu ƙuri'un masu ra'ayin riƙau da masu sassauci baki ɗaya.

Shin rabuwar tana kashe addini a hankali? Ingila tana da cocin gwamnati, sarki ne shugabansa, an ware wa bishop-bishop kujeru 26 a majalisar dattawa, amma a ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales kashi 37 cikin ɗari suka ce ba su da addini, Kiristoci suka sauko ƙasa da rabi. Denmark ma cocin gwamnati gare ta, kujerunsa kuwa wayam ranar Lahadi. Amurka mai katanga ta fi su duka zuwa coci. Dalilan raguwar addini a Turai suna da yawa, amma riƙon gwamnati bai tsare shi ba.

Tunda lauya kake son zama, ka dawo da maganar gida. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, amma kalmar da 'yan boko ke cewa sekula, malamai kuma su ce ilmaniyya, babu ita a kundin. Shi wannan kundi ya tanadi kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a, gwamnati kuma tana da hukumar alhazai da ta masu ziyarar Kudus, don haka tsarinmu ba na Faransa ba ne, ba kuma na Amurka ba. Nijar ce ta rubuta raba gwamnati da addini ƙarara a kundinta na 2010, alhali kusan kowa a ƙasar Musulmi ne. Sashe na 38 namu kuwa ya ba kowa 'yancin addini, har da sauya shi. Da shi Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas a Yunin 2022. Watanni biyu kafin nan, wata babbar kotu a Kano ta yanke wa Mubarak Bala, shugaban wata ƙungiyar marasa addini, ɗaurin shekara 24 bayan ya amsa tuhumar da aka yi masa kan rubuce-rubucensa a Facebook, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024, masu goyon bayansa kuma da 'yancin imani da na faɗin albarkacin baki suke kafa hujja. Ka nemo hukunce-hukuncen nan ku karanta tare da abokan naka, da sashe na 45 a gefe, wanda ya faɗi inda doka za ta iya taƙaita waɗannan 'yanci saboda zaman lafiya da tsaron jama'a. Allah ya ba da sa'ar karatu.