Hukuncin barin yara su karanta littattafan Harry Potter

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni uwa ce daga Unguwar Rimi a nan Kaduna. Ɗana mai shekara 13 ya aro littafin Harry Potter daga laburaren makarantarsu, yanzu yana kan na uku, ƙanwarsa mai shekara 9 ita ma ta ɗauki na farko. Shi da abokansa ba su da hira sai ta wannan littafi, har sun rarraba kansu gida-gida suna gardama, ƙaramar kuma ta samo sanda tana nuna mutane tana faɗin wasu kalmomi. Kawunsu ya ce littafin koyar da tsafi ne, mai karanta shi ya kafirta, a ƙone shi. Mahaifinsu ya ce tatsuniya ce kawai, kuma Turancin yaron ya ƙaru. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika kula da abin da yaranki ke karantawa. Kawun yaran da mahaifinsu kowa ya riƙe ɓangare na gaskiya, sai dai kalmar kafirci da ta fito daga bakin kawu ta wuce gona da iri, kuma da ita za mu fara.

Sihiri haramun ne babu saɓani. Allah ya ce a Suratul Baƙara aya ta 102 cewa Sulaimanu bai kafirta ba, shaiɗanu ne suka kafirta suna koya wa mutane sihiri. Annabi (SAW) ya lissafa shi na biyu bayan shirka a cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. A mazhabar Imamu Malik, wadda muke kai a ƙasar nan, aikata sihiri kafirci ne. Amma wannan hukunci yana kan mai yin sihiri da mai koyonsa don ya yi. Wanda ya karanta labarin da aka ambaci masihirta a ciki bai shiga nan ba, domin ba da labarin kafirci ba kafirci ba ne. Alƙur'ani kansa ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu da sandunansu. Ga shi kuma yaran nan ɗaya ba ta balaga ba, ɗayan yana bakin balaga, alhali an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi cewa idan mutum ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Don haka a roƙi kawu cikin ladabi ya janye wannan kalma. Kishinsa na addini abin yabo ne, amma kafirta ɗan Musulmi kan karatun ƙagaggen labari ba ƙaramin abu ba ne.

Hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin abin. Littattafan guda 7 ne, wata marubuciya 'yar Birtaniya, J.K. Rowling, ta rubuta su. Na farko ya fito a 1997, na ƙarshe a 2007, an kuma yi fina-finai 8 a kansu daga 2001 zuwa 2011. Labarin maraya ne da aka kai makarantar kwana ta masu sihiri yana ɗan shekara 11, kowane littafi shekara guda ce ta rayuwarsa har ya kai 17. Ɗaliban makarantar an raba su gida huɗu, abin da ɗanki da abokansa ke kwaikwayo ke nan. Kalmomin da ake faɗa a nuna sanda yawancinsu ƙirƙira ce daga Latin. Babu kiran aljani a cikinsu, babu yanka don wanin Allah, babu ƙulli da tofi, babu hatimi, wato babu abin da malamai suka siffanta sihiri na haƙiƙa da shi. Wanda ya haddace littattafan bakwai ba zai iya yi wa kowa sammu da su ba. Saboda haka cewa littafin yana koyar da sihiri a aikace ba daidai ba ne.

Shi kuma ƙagaggen labari, asalinsa halas ne matuƙar mai faɗa da mai ji duk sun san ƙage ne. Hadisin da ya ce bone ya tabbata ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya yana magana ne kan wanda ke gabatar da ƙarya a matsayin abin da ya faru. Wanda ya fara da "ga ta nan ga ta nanku" ya riga ya sanar da kowa. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri, alhali mutanen cikinta ƙirƙira ne, an kuma san Kalila wa Dimna inda dabbobi ke magana. Mu ma nan mun tashi da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, mun karanta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam a makaranta, kuma akwai aljanu da abubuwan al'ajabi a cikinsu. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fikafikai biyu a cikin kayan wasan Nana A'isha, ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fikafikai, sai ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Bai tsawata mata ba. Wannan ya nuna Shari'a ta bar wa yaro sarari ya yi wasa da tunaninsa.

To ina matsalar take? A nan ne maganar mahaifinsu ta gaza, domin ba kowace tatsuniya ce ɗaya da 'yar'uwarta ba. Alƙur'ani ya kawo labarin masihirta ne don ya ƙasƙanta aikinsu, ya ce mai sihiri ba ya cin nasara duk inda ya je, kamar yadda yake a Suratu Ɗaha aya ta 69. A wannan littafi kuwa mai sihiri shi ne gwarzo, shi ake so, shi ake tausaya wa, kuma an raba sihirin gida biyu, mai kyau da mugu. Musulunci bai san wannan rabo ba. Yaron da ya shafe shafi dubu uku da ɗoriya yana ƙaunar masihirta, ƙyamar da ya kamata kalmar sihiri ta tayar masa tana iya raguwa ba tare da ya sani ba. Wannan ne abin tsoro na gaskiya, kuma ya fi nauyi a wurinmu fiye da inda aka rubuta littafin. Yaron Landan yana rufe littafi ya san babu inda zai je ya tarar da abin. Yaron Kaduna kuwa yana jin zancen boka da ɗan duba da asiri a unguwa, a kasuwa, a fim, wani lokaci a cikin dangi. Tazarar da ke tsakanin labari da ƙofar boka a wurinmu gajeriya ce. Ibn Abi Zaid ya faɗa a gabatarwar Risala cewa zuciyar da aka fi sa ran alheri gare ta ita ce wadda sharri bai riga ya shige ta ba, kuma koyar da yaro kamar zane ne a kan dutse. Abin lura ke nan: wane ne ya fara zane a zuciyar, tauhidi ko labari?

Sannan littattafan ba matsayinsu ɗaya ba, kuma nan iyaye da yawa ke kuskure, su duba na farko su ga wasan yara ne, su saki sauran. Na ɗaya da na biyu sun fi sauƙi. A na uku, wanda ɗanki ke kai yanzu, an shigo da darasin duba: karanta ragowar ganyen shayi a gindin kofi, layin tafin hannu, da ƙwallon gilashi. Labarin yana yi wa malamar darasin ba'a, amma kuma ya sa wasu maganganunta na gaibu sun tabbata, har ginin labarin gaba ɗaya ya dogara kan ɗaya daga cikinsu. Wannan ya ci karo da aƙida kai tsaye, domin babu wanda ya san gaibu sai Allah, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. A na huɗu akwai kisan ɗalibi da wani tsafi a maƙabarta da aka yi da ƙashi da nama da jini. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ma ta sa wa fim ɗin na huɗu sharaɗin cewa ɗan ƙasa da shekara 12 ba zai shiga kallo ba sai da babba. Daga nan soyayyar samari da 'yan mata ta fara fitowa fili. Na shida da na bakwai sun ginu ne kan raba rai kashi-kashi don guje wa mutuwa, da dutsen da ake kiran matattu da shi. Akwai alheri a cikin labarin, kamar riƙon amanar aboki, tausayin maraya, da ƙin fifita mutane saboda jini ko asali, wanda darasi ne da garinmu ke buƙata. Amma alherin a gauraye yake da waɗancan.

Saboda irin wannan ne wasu malamai suka hana shi gaba ɗaya bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna, suna kuma kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman kan masu sayen zancen shagala, wadda masu tafsiri da dama suka ce ta sauka kan Nadru bin Haris da ke kawo labaran Rustum da Isfandiyar don ya janye mutane daga sauraron Alƙur'ani. Ra'ayi ne mai ƙarfi, kuma uban da ya bi shi ya hana littafin a gidansa bai yi laifi ba. Abin da nake rinjayarwa shi ne: ayar ta rataya zargin ne kan ɓatarwa daga hanyar Allah, don haka hukuncin yana bin mai karatu da abin da karatun ya haifar.

Ga 'yarki mai shekara 9, a janye mata littafin yanzu. A wannan shekaru iyakar da ke tsakanin wasa da gaske ba ta gama kafuwa ba, kuma sandar da ta ɗauka alama ce. Wasan nata ba sihiri ba ne, babu zunubi a kanta, amma a hana ta cikin lallashi domin kwaikwayon siffar abin da Allah ya haramta ne. A kuma kula ƙwarai kada yara su riƙa kiran kansu ko junansu maye ko mayya da sunan wasa. Wannan kalma a ƙasarmu tana raba aure, tana sa a tsangwami mutum, har takan jawo a taɓa rayuka. A ba ta madadin da zai cike gurbin, kamar ƙissoshin annabawa na yara da Magana Jari Ce, a kuma zauna a karanta tare da ita.

Shi ɗanki mai 13, ya halatta ya ƙarasa na ukun bisa sharaɗi, kodayake barinsa zuwa wani abin ya fi. Ƙwace littafi da tsawa a tsakiyar labari yakan sa yaro ya nema a ɓoye, ga shi kuwa ana samunsa a waya da wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, sai ki rasa littafin ki kuma rasa sanin abin da yake karantawa. Ki zaunar da shi, ko mahaifinsa ya zaunar da shi, a yi masa tambayoyi uku ba da sigar tuhuma ba. Mene ne hukuncin sihiri a Musulunci? Akwai sihiri mai kyau? Wa ya san abin da zai faru gobe? Idan ya amsa daram cewa haramun ne, babu mai kyau, Allah kaɗai ya san gaibu, to yana karanta labari ne a matsayin labari. Idan ya yi inda-inda, ko ya ce ai wani sihirin na taimako ne, sai a dakatar da karatun, a sanar da malaminsa na Islamiyya ya koma da shi kan babin tauhidi da sihiri, har sai abin ya zauna. Daga na huɗu zuwa na bakwai a jinkirta su sai ya kai shekara 15 ko 16, kuma sai wani babba ya riga shi karantawa. Lokacin karatun kada ya wuce minti 30 zuwa 45 a yini, bayan haddarsa da aikin makaranta, ba a kan gado bayan Isha'i ba, domin nan ne ake raba dare a makara sallar Asuba. Ya riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da yamma da lokacin barci, yana sane da cewa a Falaƙi muna neman tsari ne daga masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle.

Karatun yana komawa haramun a kansa idan ya jawo barin salla a kan lokaci, ko ya fara neman yadda ake sihiri na gaske, ko ya shiga duba taurari da katin duba a intanet, ko ya furta cewa yana fatan ya zama masihirci da gaske. Ki fi sa ido kan waya fiye da takarda. Masoya littafin sun cika intanet da labaran da suka ƙirƙira da sunayen jaruman, da yawansu batsa ce tsagwaronta, kuma yaron da ke neman ƙarin labari cikin sauƙi yake faɗawa ciki. Fina-finan ma sun fi littafin tasiri, domin hoto da sauti sun fi rubutu kama zuciya, don haka ba na ba da shawarar a kunna su ga 'yan ƙasa da 15.

Rabuwa gida-gida da gardama a kai wasa ne da ya halatta, kamar goyon bayan ƙungiyar ƙwallo, muddin babu zagi, gaba, ko wulaƙanta wani yaro saboda gidan da aka ce nasa ne. Ƙaruwar Turanci kuwa amfani ne na gaske, amma ba hujja ce da za ta rinjayi aƙida ba, tunda akwai littattafan Turanci masu yawa da za su ba shi wannan.

Batun ƙonawa, littafin aro ne daga makaranta, amana ce a hannunku. Wanda ya ƙone shi sai ya biya. A mayar da shi, idan kuma kuna da ƙorafi ku kai wa hukumar makarantar ko taron iyaye da malamai, ku nemi a ware littattafan bisa shekaru, a daina ba 'yan firamare littafi na huɗu zuwa sama.

Wallahu a'alam.