Kunun Quaker Oats ɗina ya ƙi daidaita

Tambaya: Anti barka da aiki, don Allah in na dama Quaker Oats da safe ko ya yi tsululu ko ya yi kauri kamar tuwo, yara har sun daina sha. Ya zan yi? Maman yara, Zariya.

Amsa: Ayya 'yar uwa, awo ne kawai. Kofi 1 na oats ki sa ruwa kofi 2, ki haɗa tun ruwan da sanyi ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa da ludayi kar ya kama gindin tukunya, minti 5 ya isa. Ki sauke tun yana ɗan ruwa-ruwa, don yana hucewa yana ƙara kauri. Madara da sukari sai kin sauke.